Wayar da Muka Ja Zuwa Ɗakin Kaka Tani

Ku yaran da ke zama a shagona yanzu kun fi ni saurin yatsa, wannan ban musa ba. Mutum ya shigo da waya a hannu, ku latsa nan ku latsa can, ku ce masa sabis ya zo, ya yi godiya ya tafi. Shi ya sa duk sanda na ce sana'ar nan tana da wuya sai in ga kuna sunkuyar da kai kuna murmushi. Kwanaki ɗayanku har ce mini ya yi, "Baba Ishaya, ai akwati ne kawai za ka jona a wuta." To, ku jawo benci ku zauna, in gaya muku yadda ake jona akwatin nan a Zuru lokacin da gidajen da ke da intanet a garin nan kowa ya san su da suna.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Gyaran rediyo na koya, kuma ban shiga ba sai da na yi aure har da 'ya'ya biyu, bayan noma shi kaɗai ya kasa riƙe gidan. Maigidana a sana'a shi ne Saje Bitrus, tsohon soja da ya yi aikinsa gaba ɗaya a ɓangaren sadarwa, ya dawo gida ya buɗe ɗan shago kusa da tasha. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa ƙarfen narka dalma ba. Aikina shi ne naɗe waya da warware ta. In na naɗe, sai ya ɗauka ya jefa a ƙasa. In ta warware sumul, ya gyaɗa kai. In ta harɗe, ya nuna mini ita da ƙafa. Ni da nake magidanci, haka na haƙura ina naɗe waya kamar mai saƙa igiyar guga.

Ana nan, a tsakiyar shekarun dubu biyu, sai aka fara buɗe kafe, wato shagunan shiga intanet, a garin. Mutane daga Kaduna suke zuwa su kafa babban dish, su saita shi ya fuskanci tauraron ɗan'adam, su ci abinci su hau mota su koma. In abu ya lalace, babu wanda za a kira. Wata rana aka kawo wa Saje wani ɗan akwati mai ƙaho biyu, aka ce ko zai duba. Ya juya shi, ya kwance, ya daɗe yana kallon cikinsa da tabarau a kan hanci. Sai ya ce, "Ishaya, wannan rediyo ne. Duk abin da ke tafiya a iska ba tare da waya ba rediyo ne, ko wane suna suka raɗa masa." A satin nan ya rubuta wasiƙa ya ba ni, ya tura ni Kaduna wurin wani abokin aikinsa na soja. Na yi mako shida a can, ina kwana a bayan shago, na dawo da jakar kayan aiki da kai cike da lambobi.

Jakar nan har yanzu tana nan a ƙarƙashin tebur. A cikinta akwai filayar matse kan waya, da 'yar wuƙar feɗe roba, da na'urar gwaji mai fitilu takwas. Wayar intanet jijiya takwas gare ta, kowace da launinta, kuma dole ka jera su yadda aka tsara kafin ka tura su cikin ɗan kan roba ka matse. Fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Na haddace su da muryar waƙar coci, ina rerawa a kan hanya har matata ta fara zaton sabuwar waƙa aka koya mana. In ka matse, sai ka jona na'urar gwaji ka tsaya kana kallo. Fitila ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har takwas, bi da bi. In ɗaya ta yi tsalle, ka yanke kan ka sake. Kuma kan robar nan ba a sayar da shi a Zuru a lokacin. In ka ɓata guda biyar a rana ɗaya, sai ka jira mai zuwa Kaduna.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Dish yana sauko da intanet cikin ɗaki guda, ya ba wa akwatin farko, wanda muke ce wa rawuta. Rawuta tana watsa shi a iska, amma numfashinta gajere ne. Ta ƙetare bango ɗaya, ta yi ƙoƙari ta ƙetare na biyu, a na uku ta mutu. Gidajenmu kuwa kun san su: ɗaki nan, ɗaki can, tsakar gida kamar fili, bangon jar ƙasa mai kauri, rufin kwano. Saboda haka sai ka ja waya daga rawuta zuwa inda sabis ɗin ya ƙare, ka kafa akwati na biyu ya karɓa ya ci gaba da watsawa. Mu akses muke ce masa, mutanen gari kuma suka sa masa suna mai ƙaho. A baki abu ne mai sauƙi.

Aikina na farko ni kaɗai a gidan Alhaji Sani ne, wani ɗan kasuwar hatsi mutumin Jega da ya daɗe a nan. Dish ɗinsa yana ofishinsa na bakin titi, 'yarsa kuma tana karatun likitan dabbobi, in ta zo hutu tana so ta yi bincikenta daga cikin gida. Na ja waya, na kafa mai ƙaho a ƙarshen barandar ofis yana kallon cikin gida, fitilu duka suka kama. Ina shirin haɗa kayana sai komai ya tsaya, har kwamfutar ofis da take aiki lafiya kafin in zo. Na yi awa uku ina gumi. Ashe na manta ban gaya wa akwati na biyu cewa ba shi ne maigida ba. Kowace kwamfuta da ta shigo sai an ba ta lamba, kuma rawuta ce kaɗai ya kamata ta riƙa bayarwa. Na bar su su biyu suna rabon lamba, kowa na ba da tasa, kwamfutoci suka rasa wanda za su bi. Da na kashe wa na biyun wannan iko, na kuma raba musu tasha don kada su riƙa magana a bakin juna, nan take abu ya tashi. Tun daga ranar, kafin in huda bango ko ɗaya, a kan tebur nake fara saita akwati.

Wannan aikin da damina na yi shi. Bayan kaka sai ga saƙon Alhaji, wai in zo maza.

"Injiniya, wanga abu naka ya mutu," in ji shi. "Kuma wallahi ba mu taɓa mai komi ba."

Na duba waya, lafiya. Na duba akwati, fitilunsa suna ƙyaftawa. A baranda sabis cike, amma da na shiga cikin gida da laftof sai ya ɓace ɗungum. Kwana biyu ina zuwa ina komawa. A rana ta uku na roƙi Saje ya raka ni. Bai ko kalli akwatin ba. Ya tsaya a tsakar gida ya sa hannu a baya, ya shaƙi iska, sannan ya nuna wani dogon ɗaki da ke tsakanin ofis da cikin gida.

"Alhaji, me ke cikin nan?"

"Dawa ce, Saje. Shekaranjiya-waccan munka gama cika shi, har rufi."

"Ranar da Ishaya ya yi aikin fa?"

"Ai sannan ba komi ciki, sai ɓeraye."

Saje ya juyo ya dube ni, ya fashe da dariya har da riƙe gwiwa. Sabis ɗin da ya ratsa ɗakin da babu komai, yanzu an tara masa buhunan dawa har sama. Alhaji da ya gane sai ya fi kowa dariya, yana cewa ashe intanet ma dawa yake ci. Muka ɗaga akwatin sama da rufin ɗakin hatsin, magana ta ƙare. Ya haɗa mu da rabin buhu, ya ce mu kai gida tunda injinmu ya nuna yana so.

Shekarar da ta biyo baya ita ce ta kusa fitar da ni daga sana'ar, kuma laifina ne, ba na kowa ba. Aiki ya yi yawa, ana nemana har Dirin Daji, sai na fara gaggawa. Tona rami a binne waya yana cin kwana biyu. Ɗaura ta a sama, daga rufin kwano zuwa bishiya, ba ya wuce awa ɗaya. Na koma ɗaurawa a sama. Akwai kuma sandar tagulla da ake kafawa a rami da gawayi da gishiri, don in tsawa ta faɗo wutar ta bi ta shige ƙasa. Ita ma na daina kafawa. Saje ya biyo ta wani gida da nake aiki, ya ɗaga kai ya ga waya tana lilo a iska.

"Ina sandar?"

"Oga, ai nan ba bariki ba ne."

Ya hau kekensa ya tafi.

Kun san hadarin garin nan in ya taso daga kan duwatsu. A damina guda, gida uku tsawa ta bi wayata ta shiga. Ta ƙone mai ƙaho, ta bi ta ƙone rawuta, ta ƙone kwamfuta. A gida na uku har talabijin da firij ta haɗa, bangon ɗakin ya yi baƙi. Allah ya tsare ba wanda ya ji rauni, amma wata mata tana zaune kusa da tebur ɗin mintuna kaɗan kafin nan. Na sayar da babur ɗina na maye musu abin da na iya. Sunana a gari ya koma Ishaya mai kiran aradu. In na wuce da jakata sai in ji ana cewa a kwashe shanya, hadari na tafe. Babu wanda ya ƙara kirana. Na rataye jakar na tafi Danko wurin ƙanin matata, muka ƙarasa noman shekarar tare. Sai bayan an gama girbi Saje ya aiko wani direba ya ce mini, in na gama ɓuya akwai rediyo shida suna jirana.

Ina kan rediyo na huɗu Malama Rifkatu ta shigo shagon. Tsohuwar malamar firamare ce, da ta yi ritaya ta buɗe kafe a gaban gidansu na gado a unguwar Rikoto, inda ɗalibai ke zuwa duba sakamakon jarrabawa. Ta gaida Saje, ta zauna, ta dube ni kai tsaye.

"Ishaya, duk wanda na yi wa maganar ya ce kada in kira ka."

"Sun yi gaskiya, Malama."

"Na sani. Amma ba wani a garin nan da ya iya, kuma ba ni da lokacin jiran mutanen Kaduna."

Sai ta ba mu labari. Ƙanenta Yohanna hafsan soja ne, an tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, ya fi shekara biyu bai zo gida ba. A inda suke akwai intanet, yakan kira ta a kwamfutar kafe su ga juna. Mahaifiyarsu kuwa, Kaka Tani, ta faɗi a hanyar gona ta karye a ƙugu, ba ta iya tafiya. Ɗakinta yana can ƙarshen gida, bayan rumbuna. Sau ɗaya aka gwada ɗaukar ta a kujera zuwa kafe, tun kafin a kai rabin hanya azaba ta sa aka mayar da ita, ta kuma rantse ba za a sake ɗaukar ta kamar buhu a gaban 'yan makaranta ba. Tana jin muryarsa a waya, amma ta ce murya kowa na iya gyara ta. Ita fuskarsa take so ta gani. Kwanan nan kuma ta rage cin abinci.

Na dubi Saje. Ya ci gaba da goge tabarau ɗinsa. Can ya ce, "Akwai sandar tagulla biyu a bayan ƙofa. Tun bara na saya."

Washegari muka je muka auna da igiya. Daga kafe zuwa ɗakin Kaka ya kai mita ɗari da talatin, wayar intanet kuwa in ta wuce ɗari ba ta da tabbas. Saboda haka waya za ta kai mu mita casa'in, kusa da rumbu na ƙarshe, sauran kuma iska ta ɗauka. A tsakani akwai rumbuna uku, da bishiyar mangwaro, da garken aladu. Na shiga gaida Kaka. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana kishingiɗe a gadon gora kusa da ƙofa, da sanda a gefenta. Ta ƙare mini kallo, ta yi magana da yarenmu na C'lela.

"Kai ne mai kiran aradu?"

"Ni ne, Kaka."

"To, tunda ka iya kira, kira mini ɗana."

Kwana biyar muka yi a aikin nan, kuma ban taɓa yin aiki a hankali kamarsa ba. Na tona ramin da hannuna, na zura wayar cikin bututun roba saboda gara da ɓeraye, na binne. Da safe na dawo na tarar wata uwar alade ta tone shi da hanci, ta jawo bututun waje tana tauna, 'ya'yanta suna taya ta. Kaka tana hangen komai daga ƙofa, ta ce tun asuba take yi mata tsawa ba ta ji. Na yanke inda aka tauna na ga wayar ta tsira da ƙyar. Na sake tonawa har zurfin gwiwa, na jera duwatsu a kai kafin in rufe da ƙasa. Muka kafa dogon ƙarfe kusa da rumbu, muka haƙa wa sandar tagulla ramin da ya kai ƙirjina, gawayi da gishiri da ruwa, ɗaya a nan, ɗaya a gindin dish. Saje ya auna da mitarsa sau uku kafin ya yarda.

Babu wutar lantarki a bayan gidan. Dabarar Saje ce ta fitar da mu. Cikin jijiya takwas ɗin nan, huɗu ne kawai ke ɗaukar saƙo a lokacin, huɗu suna zaune banza. Sai ya tura wuta ta cikinsu tun daga kafe. Ta iso a gajiye saboda nisa, akwatin yana kamawa yana mutuwa, sai da ya canza abin ba da wutar ya ƙara masa ƙarfi kaɗan kaɗan yana aunawa. Don ruwan sama kuma, muka kifa bokitin fenti na roba a kan akwatin muka ɗaure shi tam.

A rana ta huɗu na ɗauki laftof ɗin Malama a tafin hannu kamar mai tallan ƙosai, ina takawa a hankali ina kallon sandunan sabis a allonta. A gindin ƙarfen, biyar. Bayan mangwaro, uku. A ƙofar Kaka, biyu. A kan gadonta, ɗaya, shi ma yana zuwa yana tafiya. Da wannan ba za a ga fuska ba. Bangon ɗakin ya kai tsawon hannuna kauri. Muna tsaye muna shawara, Saje ya hangi wata tsohuwar rariya ta ragar ƙarfe a rataye a jikin bango.

"Mama, a ara mana wannan?"

"Za ku tankaɗe ɗan nawa ne?"

"Kusan haka ne, Mama."

Ya lanƙwasa ta kaɗan, ya ɗaura a bayan ƙahon akwatin, yadda duk abin da ke tsiyayewa baya zai dawo ya fuskanci ɗakin. Ina sama a kan tsani ina juyawa, Malama tana ciki tana kirga mini. Biyu. Uku. Na ƙara ɗaga shi ya leƙa ta saman bango. Huɗu! Rufin ɗakin na ciyawa ne, sabis ya ratsa shi kamar babu komai. Shekara da shekaru 'ya'yanta suna roƙon ta a sa mata kwano tana ƙi, wai zafi. Da Saje ya bayyana mata cewa da kwano ne da aikin bai yiwu ba, ta juya ga Malama ta maimaita mata maganar sau biyu.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci aka sa za a yi kiran. Malama ta rufe kafe don kada wata kwamfuta ta rage mana ƙarfi, aka tayar da janareta. An yi wa Kaka wanka, ta ɗaura zanen da take ajiya a ƙasan akwati, aka jingina ta da matasai. Muka ɗora laftof a kan turmi da aka kifa, da 'yar kyamara maƙale a samansa. Ya yi ƙara, ya yi ƙara. Sai allon ya cika da wasu murabba'ai masu launin kore da ruwan ƙasa, suna motsi, suna haɗuwa a hankali, har suka zama mutum cikin kakin soja.

Kaka ta ƙura wa allon ido. Ta daɗe a haka har na zaci layin ne ya yanke, na sunkuya zan duba, Saje ya riƙo rigata ta baya. Ta miƙa hannu ta shafa allon daga goshinsa zuwa haɓa. Malama, wadda ke korar ɗalibi daga kafe in ya kuskura ya taɓa gilashin kwamfuta, ta kau da kai tana gyara ɗankwali.

Da suka fara magana sai wata matsala ta ɓullo. Maganar sai ta hau sama wurin tauraro ta sauko, saboda haka tana makara. Kaka ta yi tambaya, ta ji shiru, ta sake yi, daidai lokacin amsarsa ta iso, shi kuma ya tsaya don ya ji ta, ita ma ta tsaya. Suka yi ta karo da juna. Ranta ya fara ɓaci, ta ce yaron nan ya koyi katse manya. Saje ya durƙusa kusa da gadon.

"Mama, yadda muke yi a soja za ki yi. In kin gama maganarki, ki ce oba. Shi ba zai buɗe baki ba sai ya ji. In shi ma ya gama, zai ce oba, sannan ki karɓa."

Mijinta ma soja ne kafin ya rasu, abin bai zame mata baƙo ba. Ta gyara zama ta fuskanci allon.

"Yohanna, ka rame. Wuyanka kamar na zakara. Ba sa ba ku abinci ne? Oba."

Muka jira. Can sai dariyarsa ta iso, ta cika ɗakin. "Mama, ina ci sosai. Ke ce aka ce ba kya ci. Oba."

"Wa ya gaya maka? Rifkatu, kawo mini tuwon nan ya gani. Oba."

A gabansa ta cinye malmala guda da miyar kuka, tana ci tana yi masa faɗa, kowane faɗa da obansa. Sun fi awa ɗaya. Ta tambaye shi ko akwai dawa a ƙasar, ko ana ruwa, ko yana zuwa coci, ta ba shi labarin uwar aladen da ta ci wayata.

Kafin wata ya zagayo, labari ya bazu a Rikoto. Kun san unguwar, da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a soja. Iyaye mata da ke jin nauyin shiga kafe cikin samari suka fara zuwa ɗakin Kaka ranar Lahadi, kowace da lokacin da ɗanta ya ce zai samu. Kaka ce mai tsara layi da sandarta, ita ke koya wa sababbi oba. Da 'yan makaranta suka gano sabis yana kaiwa bayan katanga suka fara zama a kai, na sa kalmar sirri, ita ta zaɓa: sunan wata tsohuwar gonarsu ta kan dutse, wanda yaran ko rubuta shi ba su iya ba. Damina ta zo da tsawarta kamar kullum, wata har ta tsaga reshen mangwaron gidan, amma akwatin ko gezau. Daga nan aka sake fara nemana, kuma duk wanda ya kira ni, tambayarsa ta farko ita ce ko zan kafa masa sanda irin ta gidan Kaka Tani.

Abu ɗaya ne bai canza ba. Kowace Lahadi sai ta ce Yohanna ya ƙara ramewa. Duk sojan da aka ji zai koma wajensu, sai ta sa an haɗa masa ƙulli ya kai wa Yohanna: ƙuli-ƙuli, yaji, busasshen nama, garin kunu. Ni na san dalili. Kyamarar can wajensu tana matse hoto ne, ta sa mutum ya yi tsawo ya tsuke. Na so in faɗa, Malama ta ce in bar ta, haɗa ƙullin nan shi ke tashinta da safe.

Bayan kusan shekara Yohanna ya dawo. Aka yi girki kamar na biki, aka gayyace ni da Saje. Muna zaune a ƙarƙashin mangwaro mota ta tsaya, wani ƙaton mutum ya fito, wuya kamar turmi, maɓallan riga suna neman tsinkewa. Da zai shiga ɗakin uwarsa sai da ya karkace. Can sai muka ji muryarta.

"Ishaya! A kira mini Ishaya!"

Na shiga na durƙusa. Hannunta ɗaya yana riƙe da nasa gam, ɗayan kuma tana zungurar cikinsa da yatsa.

"Akwatinka maƙaryaci ne. Shekara guda ina hana kaina barci, ina daka, ina soya, ina aika wa mutumin nan abinci. Dube shi. Ƙofata ma da ƙyar ya shigo."

Na ce, "Kaka, ai ba akwatin ba ne, kyamarar da ke can ce take..."

Ta ɗaga sanda. "Ban ce oba ba."

Saje, da ke tsaye a bakin ƙofa, dariya ta kayar da shi a kan turmi. Yohanna yana yi har da hawaye. Ni kuwa na kama bakina na zauna ina jira. Har aka ƙara mini tuwo karo na biyu, har rana ta yi sanyi muka yi sallama, ba ta faɗa ba.